Fasfon Humaira a Adakar Inna

"…lafiya lau, sai dai ango ya shigo hannu na dukan cinya."

Inna ce, kakarmu, take amsa gaisuwar yayana Kamilu, ko kallonsa ba ta yi ba. Shekararsa uku yana gyaran lantarki a Barsalona. Ya zo gidanmu na unguwar Faisal a nan Masar don ya ɗauki matarsa da 'yarsa Humaira, jirginsu jibi. To ita Inna ta kwamushe fasfon yarinyar ta kulle a adaka, makullin na ɗaure a bakin zaninta. Ni ina gefe ina yankan kuɓewa, na ce yau akwai kallo.

"Tsohuwa, ba ni fasfo. Tsarabarki haƙoran roba ce, tana hanya."

"Guda huɗun da suka rage sun isa su cije ka. Fasfo kuwa ma'alish, sai haƙuri. Na ga abin da mutanenku ke yi a wayar Mahasin." Ni ke nan, an jefa ni ciki. "Ƙarti su hau kafaɗar ƙarti har hawa bakwai, sannan a tura 'yar mitsitsiyar yarinya can ƙoli. Mutanen da ba su san tsani ba zan ba wa jinina?"

"Wasan bikinsu ne, ba a sa kowa dole. Kuma da hular kwano suke hawa."

"Kwano a ka, talla za ta? A makaranta fa, da wane yare za su yi mata?"

"Katalanci."

"Kata me? Shekara saba'in ina jin rediyo, na je Makka sau biyu, ban taɓa jin an yi wa wani sannu da shi ba."

"Ai kunnen ne ya yi ritaya. Miliyoyi ke yinsa. Ni da na sauka ina taƙama da Sifaniyancina na wata shida, maigidan aikinmu da nasu ya amsa mini. Turanci ya danno, Sifaniyanci ya danno, suna nan kan bakarsu. An taɓa ma hana su yinsa a makaranta shekara da shekaru. Maƙwabciyata ta ce a gindin murhu kakarta ta koya mata."

"Taurin kai dai irin naka, shi ya sa kuka shaƙu. Ni ba zan yarda yarinyar nan ta dawo in ce mata zo, ta tsaya tana zare mini ido ba."

"Laifi tudu ne, Inna. Jiya kin kira ta, me ta ce? 'Aiwa ya teta,' wai na'am kaka. Kina zaune a ɗaki ɗaya da ita Larabci ya sace miki ita, ɓarawon ko gudu bai yi ba."

Wallahi sai Inna ta ba ni tausayi, don gaskiya ya faɗa, na kuma ji haushinsa da ya faɗa. Ta daɗe tana murza bakin zani.

"Wa ka ce ya koya wa maƙwabciyar taka?"

"Kakarta."

Ta kwance makulli, ta buɗe adaka, ta cilla masa fasfo biyu a cinya.

"Wannan ɗayan fa?"

"Nawa. Ku tafi jibi. Kafin azumi ka nemo mini biza. Kai da matarka Hausarku duk ta zama kushari, shinkafa da taliya a cakuɗe, ba ku za ku koya mata ba."

"Haba tsohuwa, ba ki san doka ba? An hana fita da kayan tarihi daga Masar. A filin jirgi za su kama ni."

"Tamam, na ji. Miƙo mini duka biyun."

Ta miƙo hannu da gaske. Kamilu ya yi wuf ya tura su cikin aljihu, yana dariya har da ƙwalla.

"Khalas, kin ci. Gobe da safe zan je in ji takardun da suke nema."

Ta ɓare goro ta ba shi ƙaramin ɓarin.