Rasuwar Doña Chela, Kyamarar Babana

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, haushi kuma ya zo ya zauna a kai, ni Eusebio Zárate, ɗalibin shekarar farko a nan Hamilton, nake sanar da 'yan'uwana baƙin ɗalibai, da duk wanda muka taɓa haɗa kujera da shi a motar yawon Asabar, rasuwar kyamarata mai fim, Doña Chela. Rai ya yi halinsa a cikin jirgin da ke kai 'yan kallo gindin ruwan Niagara mai kwararowa daga kan dutse, tana da shekara arba'in da ɗaya a duniya.

Marigayiya ta yi yawancin rayuwarta a wuyan mahaifina, Don Rufino, mai ɗaukar hoto a dandalin garinmu na Tlacolula. Babu amarya ko ɗan baftisma a garin da bai tsaya gabanta ba. Da ciwon sukari ya fara cin idon Baba, dole ya ajiye sana'a. Ranar da zan taho ya rataya mini ita, ya ce shi hoton waya bai ɗauke shi hoto ba, in ɗauko masa ƙasar nan da Chela, in kawo masa a takarda da hutun Kirsimeti. Likita kuwa ya riga ya gaya mana cewa abin da Baba bai gani ba kafin sabuwar shekara, da wuya ya gan shi.

Mace ce mai nauyi, a hali da kuma a wuya. Ba ta taɓa damuna da neman caji ba. Maganarta biyu ce duk rayuwarta: kacat, idan ta ga abin da ya isa, sai ƙirrr, idan na ja hannunta. Da ita na hau doguwar hasumiyar Toronto, na taka daɓen gilashi ina ta addu'a, ita ko a jikinta. Da ita na je gonar tuffa inda mutum ke biya don ya yi wa manomi aiki, har ya ce an gode. Da ita na shiga dajin Algonquin, na ga itatuwa sun yi ja wur, na tambayi direba ko wata cuta ce ta shigo musu, motar ta yi ta dariya har muka dawo. Saboda ita ban ɗauki hoto ko ɗaya da waya ba. Duk sa'ad da shugabar tafiya ta ce a taru a yi na rukuni, ni ina gefe ina murɗa idon Chela, ina jin kaina wani babba.

Ga yadda ajali ya zo. A bakin jirgin ana ba kowa rigar leda ja, ɗaya tak, saboda feshin ruwa. Na naɗe Chela da tawa, na yarda in jiƙe. Da muka matso ƙarƙashin ruwan, sai abokin ɗakina Ravindu, wanda tun watan Agusta nake soya wa ƙwai, ya ce in miƙo ta ya ɗauke ni, Baba ma ya ga ɗansa, ba itatuwa kaɗai ba. Na ji daɗin maganar, wallahi. Na miƙa, na jingina da ƙarfe, na buɗe haƙora, ruwa ya rufe mini ido. Kafin in share fuska, rigar ledata tana kan Noemi, wata 'yar ajinsu da ya yi wata biyu yana bi, wai iska ta yage mata hular rigar tata kuma jiya ta gyara gashi. Chela tana lilo a hannunsa tsirara. Ya danna. Ta ce kac, ba ta ƙarasa ba.

Kwana tara ban yi masa magana ba. Na kwantar da Chela cikin ɗanyar shinkafa don ta tsotse ruwan, na yi addu'a, daga bisani na kai ta shagon tsoho Bartosz mai gyara, na ce ko uwar ta tafi a ceto mini 'ya'yan da ke cikinta. Ya shiga da ita ɗakin duhu, ya daɗe, ya fito yana kallona ta saman tabarau.

"Ɗana, wa ya ce maka akwai hoto a nan?"

Ashe haƙorin da ke jan fim ya daɗe da cinyewa. Tun ranar da na saka fim ɗin bai gusa ko kaɗan ba. Na lura ta wuce hoto talatin da shida da fim ɗaya ke ɗauka tana ci gaba da karɓa, amma na ɗauka albarka ce irin ta kayan da, har na yi wa mutane alfahari da hakan. Wata biyu tana ce mini kacat, tana ce mini ƙirrr, tana kallona ido cikin ido, cikinta wayam. Ravindu amana ɗaya ya ci, a bainar jama'a. Ita kuwa kowace Asabar sai ta ci tawa, ni kuma ina goge mata fuska da gefen rigata. An ce ba a faɗin aibin mamaci, to ni dai na faɗa, don ya yi mini ciwo.

Ta rasu ta bar igiyar fata ɗaya, da murfin ido, da fim uku marayu da ko buɗe su ba a yi ba. Ta kuma bar tsoho ɗaya a Tlacolula wanda bai san ta rasu ba. Ranar Lahadi ya kira, ya tambaye ni ko jan ganyen ya fito sosai, don a cewarsa Chela gwanar ja ce. Na leƙa taga, ganyen itatuwan duk sun zube, sai rassa.

Na ce, "Ya fito, Baba."

Za a yi jana'iza ranar biyu ga Nuwamba, Ranar Matattu, da ƙarfe huɗu na yamma a kicin ɗin hawa na uku na masaukin ɗalibai. Akwai furanni da kyandir da burodin matattu. A al'adarmu hoton mamaci ake kafawa a kan tebur, amma tun da ba wanda ya taɓa ɗaukar ta, gawar za mu ɗora. Ravindu na iya zuwa, ya tsaya daga bakin ƙofa. Noemi ma ta zo, gashin nata ya ga abin da ya jawo.

Ba a buƙatar gudummawa. Roƙona ɗaya ne ga masu zuwa ta'aziyya: kowa ya duba wayarsa, tun daga tafiyar farko. Duk hoton da na faɗo ciki bisa kuskure, ko kafaɗata ce, ko ƙeyata a bayan wani, a taimaka a kawo mini. A wanke shi a takarda, kuma a yi shi babba, don yanzu manyan abubuwa kaɗai Baba ke iya gani.