Wankan Gudumar Shef Kabo

Allah ya yi wa Gaya baiwa biyu: kogi da Shef Kabo, shugaban masu aikin hanya. Kogi yakan janye da rani, amma ilimin Kabo bai taɓa janyewa ba. Ya je Kwatano koyon aikin manyan injuna, ya dawo da farar hular kwano wadda ko a masallaci sai liman ya yi gyaran murya yake cire ta. Matan kasuwa suka laƙaba masa Uban Guduma, shi kuwa ya ɗauka naɗi ne.

Gudumar nan ƙaton ƙarfe ce da ke maƙale a hannun katafila, ƙarfin mai ke tura bakinta yana saran dutse. A zamanin soja aka kawo ta don ta fasa dutsen da ya tare hanyar Tanda, inda motocin shinkafa ke maƙalewa. Kapiten mai riƙe da gari ya aiko cewa ran Alhamis zai zo ganin aiki. In dutse bai motsa ba, za a nemi wani shef.

To, an san al'adar garin in soja zai kawo ziyara. A share ko'ina, a shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa, har duwatsun bakin hanya sai an yi musu kwalliya. Kabo ya dubi gudumarsa, ya ga baƙin giris yana tsiyaya daga wuyanta. Ransa ya ɓaci.

"Haruna," ya ce wa direban katafila, "wannan ƙazanta ba za ta gaida hukuma ba. A Kwatano, inji kamar amarya yake fita."

Aka kawo kananzir da garin sabulu da soso. Aka wanke giris tas, har wanda ya lafe can ciki Kabo ya sa aka zaƙulo da tsinke. Aka shafe gudumar da farar ƙasa, aka ɗaura mata ƙyalle mai launin tuta. Girisin nan kuwa shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Da alama ranar da aka koyar da wannan, Kabo yana wurin gwada hula.

Ran Alhamis makaɗa suka jeru, gari ya fito, Kapiten ya iso. Kabo ya ɗaga hannu, Haruna ya taka. Amarya ta sari dutse da zafinta, jama'a na guɗa. Can sai ta fara kuka kamar akuyar da aka take wa wutsiya, ta yi hayaƙi, ta cije. Shiru.

Uban Guduma bai girgiza ba. Ya kanga kunne jikin tiyo, ya shinshini mai, har ya ɗanɗana.

"Mon kapiten, na gano ciwon. Man nan daga ƙetaren kogi aka shigo da shi. Dutsen kuma yana da masu shi tun kaka da kakanni. Ga maƙiya ci gaba. Amma kada hankalin hukuma ya tashi. Duk abin da injin nan ya iya, ni na koya masa. Ko babu shi, dutsen nan tsorona yake ji."

Kapiten mutum ne da ke ɗaukar kowace magana a matsayin rahoto.

"Madalla," in ji shi.

Ya sa wani soja ya kawo gudumar hannu, irin ta maƙera, ya miƙa wa Kabo. Ya zare farar hula daga kan Kabo ya kifa wa Haruna. A ranar Gaya ta gano ashe Shef yana da sanƙo.

Har yamma ana jin bugu a hanyar Tanda. Dutse dai bai nuna alamar tsoro ba.

Da almuru Bibata, matar Kabo, ta zauna tana shafa masa man kaɗanya a tafukan da suka kumbura suka fashe. Ya lumshe ido.

"Ƙara, Bibata," ya ce. "Duk abin da ke bugun dutse sai da mai. A Kwatano aka koya mana."