Yadda Za Ka Samo wa Lasifikokin Mahaifinka 'Yan'uwa a Bayan Kujera

Zauna ka natsu, abin ba shi da wuya. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, na yi maka alkawari lasifikokin da za ka kafa a bayan kujera za su dace da na gabanka, dacewar da babu mai iya kushe ta. An gwada hanyar a gida ɗaya, ta kuma yi aiki. Ka ga ke nan ba ta taɓa faɗuwa ba.

Gidan na maƙwabcina ne, direban motar makarantar da nake koyarwa. Su uku ne: shi, da maiɗakinsa wadda tela ce, da 'yarsu mai shekara takwas da kowa ke kira Auta, duk da ba ta da wa ba ta da ƙane. Suna da sabuwar talabijin mai faɗin ƙyauren ɗaki. Suna da amfilifaya, na'urar da ke raba wa lasifika sauti, mai ramukan waya birjik a bayanta. Suna kuma da lasifika biyu na baƙin katako, kowacce ta kai ƙugun mutum, waɗanda Direba ya gada daga mahaifinsa, Allah ya jiƙansa. Abin da suka rasa shi ne sauti ta baya. In jirgi ya tashi a fim, a gaba yake tashi, a gaba yake sauka, kamar an ɗaure shi da igiya.

Da Direba ya ce zai ƙaro biyu a bayan kujera, sai maiɗakinsa ta tsayar da keken ɗinki ta ce, "Baban Auta, sayo abin da ka ga dama. Amma falona ba shagon gwanjo ba ne. Ko dai huɗun su zama iri ɗaya, a ido da a kunne, ko akwatunan nan biyu su koma sito ka sayo sabon saiti. Ido ni zan duba. Kunne kuwa yayana zai zo ranar Asabar ya saurara."

Rufin siton yana yoyo. Duk katakon da ya shiga can, kumbura yake yi ya tsage. In halinka ya yi kama da na Direba, to kai nake wa magana.

Mataki na 1: Ka san me ake nufi da dacewa

Lasifika tana da murya kamar mutum. Masana sun ce na baya su fito daga kamfani ɗaya da na gaba, daga layi ɗaya kuma, domin in mota ta taso daga gabanka ta wuce ta bayanka, ta isa can tana nan motar da ta taso. Sun ce a ajiye su a gefen kujera, can baya kaɗan, sama da kunnen wanda ke zaune da kamar taƙi biyu.

Duk wannan gaskiya ne. Ka haddace shi sosai, don za ka buƙaci faɗarsa a gaban mutane. Aikata shi kuma wata magana ce daban.

Mataki na 2: Ka je shago ka sha kunyarka da wuri

Ka ɗauki hoton lasifikokin a waya, gaba da baya, har da tambarin da ya soma kankarewa. Haka Direba ya yi. Mai shago ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya kira na shagon kusa ya zo ya gani.

"Yallaɓai, wannan lasifika ce ko kabad?"

"Lasifika ce. 'Yan'uwanta nake nema."

"Ai kamfanin nan ya rufe tun ban yi wayo ba. 'Yan'uwanta duk sun riga mu gidan gaskiya. Ita ma haƙuri ne ya riƙe ta."

Kada ka yi fushi. Mai shago yakan soma da cin fuska ne don ya tausasa ka. Daga nan zai sauko maka da waɗansu 'yan ƙanana na roba masu ƙyalli, kowacce ba ta fi sabulun wanki biyu ba, ya rantse maka cewa suna tafiya da kowace irin lasifika a duniya. Ka karɓa. Kada ka yarda da shi, amma ka karɓa, domin nan gaba za su yi maka amfani.

Mataki na 3: Ka nemi kafinta mai riƙe sirri

Tun da ba za a samu 'yan'uwa na jini ba, sai a yi na kama. Ka auna tsayi, faɗi da zurfi. Ka rage kashi ɗaya cikin uku, domin na baya ƙanne ne, bai kamata su kai yayyensu ba.

Kafinta ya saurari Direba har ƙarshe, fensir a bayan kunne, sannan ya ce, "Wato in yi maka babban akwati, in sa ƙaramin abu a ciki, in rufe da yadi."

"Haka ne."

"Kuma ya yi kama da tsoho."

"Kamar tare aka saye su."

"Malam, shekara ashirin ana kawo mini tsohon kaya in mayar da shi sabo. Kai ne na farko da ya zo a tsufar masa da sabo."

Ya yi aikin kuwa. Ya shafa man katako sau uku, ya bubbuga kusurwa ɗaya da guduma, ya ja layi da ƙusa a gefe kamar an taɓa gogar ƙofa da shi wajen ƙaura.

A nan zan ja kunnenka: yadin da za a rufe fuskar akwatin da shi, kada ka roƙe shi a wurin maiɗakinka, ko da ita ce tela mafi kusa da kai a duniya. Ka je can wata unguwa. Matar da ke gane zaren da ya saɓa da yadi tun daga bakin ƙofa ba a ba ta bakin zaren magana.

Ranar Laraba aka kawo akwatunan. Maiɗakin Direba ta zagaya su sau biyu, ta shafa yadin da bayan hannu, ta ce, "Ido ya wuce." Ta koma kan kekenta.

Mataki na 4: Ka gwada lokacin da masu hukunci ba sa nan

Direba ya jira ta tafi kai ɗinki. Ya ja waya ta bin gindin bango, ya haɗa, ya sa fim ɗin da ake tsere da manyan motoci. Auta na zaune a kan kafet tana aikin gida.

Tirela ta taso daga lasifikar hagu ta mahaifinsa da gurnani, har kofin da ke kan tebur ya motsa. Ta ratsa falo. Ta isa bayan kujera ta zama sauro.

Ya canza fim. Wani ƙaton soja ya daka tsawa daga gaba, ya zagaya ta baya yana ci gaba da magana. Auta ta ajiye fensir, ta kwanta a kan kafet tana dariya har da buga ƙafa.

"Baba, mutumin nan da ya shiga bayan kujera jariri ya koma!"

Idan wannan ya same ka, kada ka murɗa maɓallin ƙara. Direba ya murɗa. Sauron ya ƙara girma ne kawai.

Mataki na 5: Ka cire waya

Yanzu muka zo kan ilimin da ba a sayarwa a shago. Lasifika ba ta saɓa wa 'yar'uwarta sai in ta yi magana. Wadda ta yi shiru kuwa, da kowa ta dace.

Ka durƙusa a bayan amfilifaya, ka zare wayoyin na baya guda biyu, ka tura bakinsu ƙarƙashin kabad. Sauran wayar ka bar ta a gindin bango inda kowa zai gan ta, a miƙe, da 'yan ƙusoshinta reras. Mutane suna girmama waya mai tsari.

Sannan ka shiga saitin amfilifaya ka gaya mata cewa babu lasifika a baya. Ita kaɗai ce za ka gaya wa gaskiya a gidan, domin in ta sani, sai ta kwashe sautin baya ta zuba a na gaba, ba abin da zai ɓace. In ka gama, ka cire batiran rimot ɗinta ka sa a aljihu. Za ka gane dalili.

Mataki na 6: Kada ka manta akwai ƙaramin kunne a gidan

Babba yana sauraro daga inda aka zaunar da shi. Yaro kuwa tashi yake yi ya je ya duba. Da yammacin ranar Auta ta manna kunne a jikin akwatin dama, ta koma na hagu, ta zo ta tsaya a gaban mahaifinta.

"Baba, na baya ba sa magana."

"Baƙi ne, kunya suke ji."

"Ɗazu ai sun yi."

Na daɗe ina koyar da 'yan shekara takwas, saboda haka ka ji shawarata: kada ka yi musu ƙarya ta biyu, ta farkon ma ba su saya ba. Direba ya zaunar da ita a hannun kujera ya ce, "In suka yi magana, Kawunki zai ji muryarsu daban ce. In ya ji, na Kaka za su tafi sito."

"Inda ruwa ke zuba?"

"Nan."

Ta dubi manyan akwatunan ta daɗe. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ta ƙi ba. Ka saba da wannan, haka za ka kwana biyu.

Mataki na 7: Ka gaya wa masani abin da zai ji kafin ya ji

Yayan maiɗakin Direba ya taɓa yin wata uku yana riƙe wa masu haɗa lasifika waya a filin taro. Tun daga lokacin kunnensa ya zama hukuma a dangi. Ba a sayen rediyo sai ya ƙwanƙwasa ta.

Ya iso ranar Asabar da hantsi. Ka zaunar da irinsa a tsakiyar doguwar kujera, ka ce nan ne wurin masu kunne. Ka karanto masa mataki na ɗaya tiryan-tiryan, har da taƙi biyun. Sannan ka sa fim mai jirgi mai saukar ungulu, ka ce, "Yaya, ka lura da kafaɗarka ta dama." In jirgin ya taso, kai ka fara juya wuya. Wuya yana bin wuya.

Yaya ya juya. Ya lumshe ido ya ce, "Uhm." Sai kuma ya buɗe ido. "Ina rimot? Akwai wani shuuu da amfilifaya ke zagayawa da shi lasifika bayan lasifika. Da shi muke gane gaskiya."

Direba ya miƙa masa. Ya danna, ya girgiza, ya buga a tafin hannu, ya danna.

"Batir ya mutu," in ji Direba, hannunsa a kan aljihu.

"Ba komai. Kunne ai ba ya cin batir."

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya nufi bayan kujera. A wannan gaɓar ba ni da wata dabara da zan ba ka. Auta ta sunkuyar da kai tana tsinkar zaren kafet. Saura taku biyu Yaya ya kai kunnensa ga yadin, sai ƙanwarsa ta shigo da tire.

"Haba Yaya, kai da kake ji daga ƙofar gida, sai ka manna kunne kamar mai koyo? Man katakon ma bai gama bushewa ba, zai ɓata maka farar riga. Zauna ga shayi."

Yaya ya dubi rigarsa. Ya dawo ya zauna. Ya kurɓi shayi, jirgin ya sake wucewa, ya juya wuya tun kafin kowa.

"Kun ji ko? Abin da ake nema ke nan. Na baya mai kyau ba a jin sa, sai dai a ji a jiki. Waɗannan ma sun fi na gaban laushi. Wa ya zaɓa maka?"

"Dacewa ce kawai, Yaya."

Mataki na 8: Kada ka yi murna a gaban mai shara

Bayan an raka baƙo, Direba ya dawo yana fito. Maiɗakinsa tana kwashe kofuna, ba ta ko dube shi ba ta ce, "Gobe ka samu salatif ka manne bakin wayoyin nan a bayan kabad. Kullum tsintsiya sai ta jawo su."

Fiton ya tsaya.

"Tun yaushe?"

"Tun safiyar Juma'a. Ni ke share falon nan, Baban Auta, ba Yaya ba."

"To, maganar sito fa?"

"Na ce ido da kunne. Ido na duba da kaina. Kunne kuma wanda na kira ya ce sun fi na gaban laushi. Ni wace ce da zan ƙaryata yayana?" Ta ɗauki tire, ta tsaya a bakin ƙofar kicin. "Ka mayar da batiran kafin su huda maka aljihu. Ni ce mai ɗinkewa."

Sanarwa

Marubucin wannan darasi ba ya ɗaukar alhakin surukin da ya zo da batir a aljihunsa, ko kafintan da ya cika surutu a wurin shan shayi, ko matar da ba ta ga dama ta shigo da tire a kan lokaci ba. In aka kama ka, ban san ka ba, ban taɓa koyar da kai ba, kuma na gaya maka tun a mataki na ɗaya yadda masana suka ce a yi.

Auta tana bayan kujera lokacin da iyayenta suka yi waccan magana ta waya da batir, ta ji komai. Ta fahimci cewa Mama ta sani tun kafin Kawu ya zo, kuma da gangan ta hana shi ƙarasawa, saboda ba ta so a kai kayan Kaka inda ruwa ke zuba.