Tafintan Alhaji Mamuda

Ku da ba ku san Alhaji Mamuda mai atamfa ba, wallahi kun huta. Tun ranar da ɗansa Sagiru ya shiga jami'a karatun yaren Caina, 'yan layinsu a kasuwa ba su ƙara shan iska ba. Ka ce masa ina kwana, sai ya ce maka Sagiru ya ci jarrabawa. Wai shi ya gama da dillalai masu cin tsakiya, nan gaba daga bakin mai masaƙa sai kunnensa. To, yaro ya gama karatu, aka yi walima, sai ga labari wani ɗan Caina ya sauka a gari da samfurin sabuwar atamfa, yana neman mutum ɗaya tak da zai riƙa ba shi kaya. Alhaji ya rantse ba mai riga shi. Ya sa aka share shago, aka shimfiɗa darduma, ya kuma gayyato maƙwabta su zo su ga amfanin ilimi da idonsu, musamman Alhaji Tanimu na shagon gefe, wanda ya taɓa cewa kuɗin makarantar nan da an ƙara jari da su da ya fi.

Baƙo ya zo ya zauna, ya baje samfur. Sagiru ya gyara wuyan riga ya saki wani dogon yare ta hanci. Baƙo ya kalle shi, sannan ya gyaɗa kai. Alhaji ya waiwayi Tanimu, ransa fes.

"Sagiru," in ji Alhaji, yana murza atamfar da yatsa, "kayan nan sun yi, ban taɓa taɓa irinsu ba. Amma ka ce masa zuba za su yi, wanki ɗaya sun koɗe."

"To, Baba."

Sagiru ya yi ta fama, yana nuna sama yana nuna ƙasa, gumi na bin ƙeyarsa. Baƙo ya gyaɗa kai.

"Ka ƙara masa da cewa wani ya kawo min irinsu jiya da araha. Ba wanda ya kawo, amma ka ɗaure fuska. Baƙo ne, ba abin da ya sani."

Ana cikin haka sai wayar baƙo ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya kara a kunne.

"Salamu alaikum, Alhaji Bawa, ya Maraɗi? Ya iyali? Wallahi ina Kano, muna ciniki. Bari in gama zan kira ka, in Allah ya yarda."

Tanimu ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Sagiru kuwa ya duƙufa kallon darduma kamar yau ya fara ganinta. Alhaji ya ji kunya ta rufe shi har tafin ƙafa, ga kaya na shirin suɓucewa, ga Tanimu a zaune. Da kunyar ta yi yawa sai ta koma faɗa.

"Haba bawan Allah! Ashe kana jin Hausa ka bar mu muna ta wahala? Ai wannan cin amana ne! Me ya sa tun farko ka zuba min ido ina magana, ka kasa kunne kamar mai sauraren wa'azi?"

Baƙo ya mayar da waya aljihu, ya ce, "Yi haƙuri, Alhaji, dole ce ta sa. Ai ba don Hausarka ba, da ban gane abin da yaron nan yake faɗa ba."