Kabewa Mai Haƙora a Bakin Ƙofata

Ko zan manta komai na zamana a Malesiya, ba zan taɓa mantawa da yammar da na buɗe ƙofa zan fitar da shara na tarar da kabewa tana kallona ba. Kallo fa na gaske, don an fafe ta, an yanka mata idanu da baki mai haƙora, ga wuta tana ci a cikinta. Kuma daidai inda zan sa ƙafa aka ajiye ta.

Satina uku ke nan a unguwar Setapak, hawa na goma sha huɗu, da cikin wata shida. Kafin shi na yi ɓari biyu a Kano, kuma Hajiyarmu ba ta taɓa yarda cewa babu hannun mutum a ciki ba. Maigidana yana makaranta, sai bayan magariba yake dawowa. Na dafe cikina, na kira Hajiya ta bidiyo, na haska mata abin.

"Kada ki tsallake. Kin taɓa?"

"Ban taɓa ba, Hajiya."

"To har can suka bi ki. Ɗebo ruwa a bokiti ki zuba gishiri, ki tofa Falaƙi da Nasi, ki watsa mata. Sannan ki fasa ta, amma ba da hannu ba."

(Na gama sakandare, har kiredit gare ni a kimiyya. Amma ban tsaya na tambayi kaina wace maƙiyiya ce za ta yanki tikitin jirgi don ta kawo mini kabewa ba.)

Na watsa ruwan, wutar ta ƙi mutuwa. Daga baya na san ta batir ce, amma a lokacin wa zai gaya mini? Na koma na ɗauko taɓaryar da na taho da ita daga gida, na rufe ido na dinga kirɓa, ina karatu da ƙarfi, har ta zama kamar za a kaɗa miyar taushe.

Ina cikin haki sai lif ya buɗe. Wani ɗan guntun abu cikin farin mayafi, fuska fari fat, idanu zagaye da baƙi, ya sheƙo a guje ya nufo ni da ɗan bokiti a hannu. Ban yi shawara da kowa ba, na sheƙa masa sauran ruwan gishirin.

Sai aljanin ya fashe da kuka yana kiran mamarsa.

Mei ce, 'yar maƙwabtanmu 'yan Chana, shekararta huɗu, wadda kullum take ɗaga mini hannu in za a kai ta makaranta. Bayanta ga uwarta, Madam Lim, da baƙar riga da doguwar hula mai tsini irin ta mayun fim, ga ubanta riƙe da waya yana ɗaukar bidiyo. Ga kuma ni, da taɓarya, ɗankwali a ƙasa.

Kukan ya fito da mutane, har da Anti Hajara ta hawa na tara, matar wani malamin jami'a da ta shekara takwas a garin. Ta dubi ƙasa, ta dube ni.

"Amarya, ke da wa kike yaƙi?"

"Anti, asiri aka ajiye mini."

"Asirin gidanku. Halowin suke yi, yara su yi shigar dodanni su bi ƙofa-ƙofa ana ba su alewa. Duk wanda ya yarda a ƙwanƙwasa masa, shi ake ajiye wa kabewa. Mijinki ne ya ce musu boleh, wato ya yarda, a gabana a lif."

Bai gaya mini ba. Wai ya manta.

Kunya ba ta gama rufe ni ba sai marata ta ɗaure tamau, na lura tun ɗazu ban ji motsin cikin ba. Na durƙushe a cikin ruwan da na zubar. Madam Lim, wadda ke wanke wa 'yarta ido, ita ta fara gani. Ta miƙa wa mijinta yarinyar, ta kama ni, ta ce a fito da mota. Haka muka tafi asibitin bakin titi, mayya tana tuƙi, ni da Anti a baya, aljani a kan cinyar ubansa yana ajiyar zuciya. Can Mei ta juyo ta yi magana da Turanci, na ji sarai, amma Anti sai da ta maimaita mini don mugunta.

"Cewa ta yi, me kabewarta ta yi miki? Kwana biyu suna fafe ta da babanta."

Da ƙasa za ta tsage, da na biya ta lada.

Ana kiran magariba likita ta ɗora mini na'ura a ciki. Aka yi shiru, sannan bugun zuciya ya cika ɗakin, da sauri kamar ƙaramar ganga. Ta ce firgita ce kawai, ni da ɗana lafiya lau muke. Madam Lim ta matse mini hannu ta ce, "Okay lah." Na yi kuka, rabi na godiya, rabi don ba ni da idon da zan dube ta da shi.

Har yanzu in an taɓa ƙofa gabana faɗuwa yake. Amma na koyi abu ɗaya a kan gadon nan: a garin da ba naki ba, kafin ki kira uwarki da ke Kano, fara ƙwanƙwasa wa ta hawa na tara.