Mota Ake Sayarwa ko Waƙa?

"Lafiya lau, Angona. Ashe nan ka gudo, ka bar amaryarka da zaman jira?"

"Amarya mai haƙori huɗu? Ai na ce ki zauna a gida, kada ki korar mini masoya."

Haka kakar wani matashin mawaƙi ta shigo mini shago da hantsi, tana dogara sanda. Ni sana'ata buga takardu, kuma ran nan fostar kundin waƙoƙinsa na farko ce a hannuna, guda dubu. Jibi kundin zai fito, bayan azahar kuma aikin wasu zai hau injin. Abin da aka buga yanzu, da shi duniya za ta fara saninsa. Gogan naka sai rawar jiki yake, ya zauna ya miƙe, ya ƙi barin yarana su yanka takarda.

Samfur biyu ne a kan tebur. A wanda ya zaɓa, ya jingina da wata jar motar aro, ga baƙin tabarau, ya haɗe rai kamar an kawo masa sammaci. Ɗayan kuwa mai hoto ya ɗauka bai sani ba, yana tsakiyar rera waƙa, baki buɗe, wushirya a waje. Na san wanda ya fi, amma wa ya aike ni?

Tsohuwa ta kai na farkon dab da hancinta, ta tambaye ni ko cigiyar ɓarawon mota muke bugawa.

"Wannan shi ne zamani, Tsohuwa. Ke da ko rediyo sai an kunna miki."

"Zanen aro ba ya rufe katara, Angona. Waƙoƙinka na uwa da goyo ne, rabinsu a bayana ka sace su. Wa zai ga wannan fuskar ya yi zaton akwai daɗi a ciki?"

Ya ce idonta ya mutu tun kafin a haife shi. Ta ce da mataccen idon ta yi shekara arba'in tana sayar da atamfa, kuma ba a zaɓen zane a hannu, sai an rataye shi an ja da baya. Ta sa na manna samfurin mai mota a ƙofa, ta ja jikan nata suka tsallaka titi, muka zuba ido.

Wallahi ba a yi minti biyar ba wani mai gyaran babur ya tsaya, ya leƙo ya tambaye ni nawa motar. Wani kuma har lambar wayar da ke jikin fostar ya kwafa, yana tambaya ko injinta lafiya. Ina hango tsohuwa tana dariya har sandar na faɗuwa.

Da na manna na biyun, wata mata da jaka a kai ta rage tafiya, ta yi murmushi ita kaɗai, ta ce a ina ake samun waƙar wannan bawan Allah. Mawaƙi ya tsallako titi a guje, saura kaɗan keke ya kwashe shi.

"Buga wannan. Na sallama, Amarya, kin kayar da ni."

"Labarin zuciya a tambayi fuska, ɗan nema."

Injin ya tashi. Takardar farko da ta faɗo, da ɗuminta, ya durƙusa ya miƙa mata. Ta daɗe tana kallo. Ni kaina sai da tausayi ya kama ni.

"Haka kakanka yake dariya," ta ce a hankali. Sai ta share ido da gefen mayafi. "To, na samu abin korar ɓeraye."

Na kai hannu zan ninke mata ita. Ta buge mini yatsu da sanda, ta ce duk wanda ya karya mata fuskar miji sai ta karya tasa.