Yadda Na Zama Fatalwa da Kayan Sallata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da Asabar ɗin da na shiga gidan ban tsoro sanye da farar babbar riga. Na ce ko da na so, domin akwai mutane a Greensboro da suka ɗauki tuna mini da ita a matsayin aikin lada.

A lokacin ina aiki a wani sito na kayan ɗaki a bayan Wendover Avenue, ina tuƙa motar ɗaga kaya daga safe zuwa la'asar. Gwauro ne ni, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, sai wata tsohuwar kwamfuta da na saya a hannun wani ɗan Ghana da zai koma gida. Wannan kwamfutar ce ta kai ni ta baro.

Ga wanda bai sani ba, a ƙasar nan ta Turawa da zarar Oktoba ta kama, manyan filayen wasa sukan buɗe gidajen ban tsoro saboda Halloween, bikinsu na shigar dodanni. Mutum da hankalinsa zai sayi tikiti, ya bi layi, ya shiga wani gini mai duhu inda aka ɗauki ma'aikata aka shafe su da jan fenti, aikinsu kawai su faɗo masa daga lungu. Kuma abin yana da masoya na haƙiƙa, irin yadda muke da masoya ƙwallo. Suna da dandali a intanet inda suke wuni suna musu: wane gida ne ya fi na bara, wane dodo ne ya yi sanyi, hayaƙin bana ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Kowa ya gama surutunsa sai ya ba da maki bisa goma.

Ban san yadda aka yi na faɗa dandalin nan ba, amma na san abin da ya zaunar da ni. A wurin aiki ba mai tambayar ra'ayina a kan komai, ko a kan inda za a ajiye kwali. A can kuwa, da na yi rajista da sunan Ba-Tsoro na rubuta cewa ni ɗan Afirka ne kuma duk wannan wasan yara ne, sai ga mutum goma sha sun amsa mini. Daɗi ya kama ni. Na ce musu a gefen maƙabarta na tashi. (A gidajen malaman makaranta na tashi a Zariya, kuma sai da na shiga sakandare na yarda a kashe mini fitila.) Na zama alƙalin da ba ya ba da maki sama da uku. Wasu na zagina, wasu na cewa ni kaɗai ne mai faɗin gaskiya.

Matsalar ɗaya ce tak: ban taɓa taka ƙafata cikin ko ɗaya daga gidajen nan ba. Sai in karanta abin da mutum biyar suka rubuta, in haɗa, in zuba raini a kai, in aika.

Wata rana saƙo ya shigo mini da Hausa tsantsa: "Malam Ba-Tsoro, kai Bahaushe ne?" Ashe duk dandalin akwai mutum ɗaya da ta san ma'anar sunan. Hadiza ke nan, 'yar Maraɗi, tana karatun aikin jinya, tana zaune a gidan kawunta a McLeansville. Ita masoyiyar gaske ce, duk shekara sai ta je. Daga musu a kan dodanni muka koma waya, daga waya na fara kwana da tunanin kuɗin sadaki. Ina sonta, ba wasa ba, irin son da ke sa gwauro ya fara share ƙarƙashin gado.

A shekarar nan, ƙaramar Sallah ta faɗo a cikin Oktoba. Sati biyu bayanta Hadiza ta ce kawunta, Alhaji Isuhu, ya yarda in zo in gaishe shi ranar Asabar. "Daga nan sai mu wuce filin wasan nan na kudu," in ji ta. "Yaya Musa zai raka mu. Ina son in ga gidan bana tare da gwani."

Na ce, "Ai ba komai, sai dai kada ki ji haushi idan na yi hamma a ciki."

Gaisuwar surukai ba a zuwa da wandon jins. Na ciro kayan Sallata, farar shadda babbar riga da 'yar ciki da wando, na yi awa biyu ina fesa mata sitaci ina guga har ta kusa tsayuwa da kanta. Alhaji Isuhu ya karɓe ni da mutunci, na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini tambayoyin asali da sana'a. Da ya ji inda za mu, sai ya girgiza kai. "Wanga shirme dai na biyan kuɗi a firgita ka, ni ban gane mishi ba. Amma an ce kai ba ka da tsoro. To ga ta nan, ka kula da ita."

"In sha Allahu, Alhaji," na ce, har da dafa ƙirji.

Tafiyar awa ɗaya da rabi ce, muka tsaya a hanya muka yi magariba. A wurin ajiye motoci Hadiza ta ce in bar babbar rigar a mota. Na ƙi. Gugar awa biyu, kuma ga Musa, ƙaton mutum direban tirela, yana auna ni ta gefen ido tun daga gida. A ƙofar shiga ma sai da mai gadi ya tare ni, wai baƙi ba sa shiga da costume, wato kayan shigar dodanni. Na buɗe murya na yi masa lacca a kan al'ada da sutura har ya ba ni haƙuri. (Da na san abin da ke gaba, da na rungume shi na ce ya kore ni.)

Gidan da muka shiga an yi shi kamar tsohon otal. Ana shiga rukuni-rukuni, mutum takwas-takwas. Musa a gaba, sai ni, sai Hadiza ta kama bakin hannun rigata saboda duhu, ni kuma na riƙe hannunta ta cikin hannun rigar, ina jin kaina kamar wani sarkin yaƙi. Ɗakin farko wani ƙwarangwal ne a bayan teburin karɓar baƙi yana kaɗa ƙararrawa. Na ce da ƙarfi, "Maki biyu." Ɗaki na biyu wata mata ce da jan fenti a fuska ta yi ihu. Gabana ya faɗi, amma na daure na ce, "Uku, saboda ƙoƙari."

Ɗaki na uku babu ihu, babu jini. Gado ne kawai, a kansa an shimfiɗe mutum an naɗe shi da farin ƙyalle, an ɗaure wajen kai, an ɗaure wajen ƙafa. Su a wurinsu zanin gado ne. Ni kuwa da na taɓa ɗaukar makara, likkafani na gani, sak yadda muke yi. Ƙwarangwal da jan fenti nasu ne, ba su san gidanmu ba. Wannan kuwa namu ne. Ina cikin gaya wa kaina roba ce, sai abin ya tashi zaune.

Zan faɗi gaskiya tunda na fara. Ba sakin hannun Hadiza kawai na yi ba. Tura ta na yi gaba, wajen gadon, ni kuma na juya na afka cikin wani baƙin labule da ke gefe.

Ashe labulen hanyar ma'aikata ce. Na bi wani siririn lungu a guje, na ture wani labulen, sai ga ni tsakiyar rukunin da ke bayanmu. Wurin cike da hayaƙi, ga wata irin fitila mai shuɗin haske da ke sa duk wani farin abu ƙyalli. To ku auna farar shadda mai sitaci, hannuwa a buɗe kamar fukafukai, fuskar mai ita ba a gani, yana kurma "Innalillahi! A'uzu billahi!" Mutanen nan suka tarwatse. Wani ƙato ya ɗare bayan matarsa. Ganin suna gudu sai na ɗauka abin likkafanin ne ya biyo ni, na ƙara wuta na bi su, su kuma suka ƙara ihu.

Na sake faɗawa wani labulen, na fito a kan wani rukunin. Haka sau uku. Ina karanta Ayatul Kursiyyu, in kai tsakiya in ji na koma addu'ar hawa mota. Hula ta tafi, takalmi ɗaya ya tafi. A ƙarshe na yi karo da wani mai fuskar alade riƙe da zarto mai inji yana ruri. Na durƙusa har ƙasa, yadda na yi wa Alhaji Isuhu ɗazu, na ce da Hausa, "Don girman Allah, baba, ka yi haƙuri."

Ya kashe injin, ya ɗaga fuskar robar. Wani dattijon Bature ne mai tabarau, yana haki. Ya ce, "Sabon ɗauka ne kai? Nan wurina ne, ka koma naka."

Wata mata mai rediyon oba-oba ce ta fitar da ni ta ƙofar baya, tana ta tambayata wa ya ɗauke ni aiki. A waje na tarar da Musa yana cin gugguru, Hadiza tana riƙe da hulata. Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta miƙo mini hular ta wuce mota. Muka kama hanyar gida, sai wajen rabin hanya Musa ya yi gyaran murya, har da 'yar barbaɗa Faransanci. "Bon. Ban san kana da hadda haka ba, mon cher. Tun daga waje muke jin karatunka."

Kwana uku ina kiran Hadiza ba ta ɗauka. Abinci ya fita raina, a wurin aiki na kusa sauke katifa a kan shugabana. Na san na rasa ta, kuma na san ni na jawo.

Ranar Talata na buɗe dandalin, sai na ga sabon zance mai shafi bakwai: Farar Fatalwar otal. Wani ya ce shekara goma yana zuwa bai taɓa ganin ɗan wasan da ya shiga aikinsa haka ba. Wata ta ce abin da ya burge ta shi ne yadda fatalwar ke yi kamar ita ma tsoro take ji. Wani masani ya ce yaren da aka ƙirƙira mata ya yi yawa, ba wanda zai yarda yare ne na gaske. Wani ya ce rigar ba ta yi kama da ta fatalwa ba, an cika mata ado a wuya. (Aikin hannu ne na Zariya, jahili.) Waɗanda suka je ranar Lahadi ba su gan ta ba suna ta fushi, wai an cuce su, har da masu shirin rubuta wa filin wasan takarda a dawo da ita.

A can ƙasa sai ga Hadiza, layi ɗaya: "Ina Ba-Tsoro? Ya je ranar Asabar. Maki nawa ya ba ta?"

Ƙarya tana nan a shirye, ta saba hanya: maki biyu, a ƙasarmu ko yaro ba zai motsa ba. Ba wanda zai gane sai mutum ɗaya, kuma saboda mutum ɗayan nan nake share ƙarƙashin gado. Sai na rubuta cewa ni ne fatalwar. Na ce rigar kayan Sallata ce, yaren addu'a ce, tsoron kuma na gaske ne. Na ce kafin Asabar ban taɓa shiga ko gida ɗaya ba, duk makin da na bayar na sata ne. Na ƙara da cewa na bar wadda aka ba ni amanarta a gaban gawa na gudu, kuma wannan ya fi duk sauran muni.

Rabinsu ba su yarda ba, suka ce talla ce filin wasan ya shirya. Amma kafin in tashi daga kujera waya ta yi ƙara.

"Tun watan Agusta na san ba ka taɓa shiga ba," in ji Hadiza. "Gidan mahautan da ka ce ka shiga bara ka ba shi biyu, an rushe shi tun bara waccan."

"To me ya sa kika kai ni?"

"Ina son in ga abin da kake yi idan ƙarya ta ƙare maka. Tsoron bai dame ni ba, kowa tsoron ya je saye. Ni ma na yi ihu. Amma ka tura ni, Malam."

Ban kawo hujja ba, karo na farko a rayuwata. Na ba ta haƙuri, na sake ba ta, washegari na je McLeansville na maimaita a gaban Alhaji Isuhu, wanda Musa ya riga ya ba shi labari har da kwaikwayon gudun. Tsohon ya yi dariya har da share hawaye, sannan ya ce wanda ya iya zuwa ya faɗi wannan da bakinsa, ana iya ba shi mata. An ɗaura aure da bazara. Shuɗiyar shadda na sa.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne: kada ka ba da maki a kan ɗakin da ba ka shiga ba, idan kuma ka nace sai ka yi ƙaryar jarumta, to ka bar farin kaya a mota. Oktobar da ta biyo baya Hadiza ta sake ja na muka shiga wani gidan. Na yi ihu tun daga ƙofar shiga har ta fita, ban tsallake ɗaki ko ɗaya ba, har wata tsohuwa a bayanmu ta dafa ni tana cewa in yi numfashi. Amma hannun nan ban sake shi ba. Kwana biyu ta yi ba ta iya riƙe biro ba, kuma ta ba ni takwas bisa goma.